Turmin Bankok da Matashin Garba

Duk wanda ya ce maka tsufa yana kashe kishi, ka tambaye shi ko matarsa tana da ɗan kawu. Tawa tana da shi, sunansa Garba, kuma saboda shi na tsallaka teku da furfurata na je Bankok na ɗauko dutse a ka.

Sunana Usmanu, amma in ka zo unguwar Ammariyya a Jidda ka nemi Usmanu ba wanda zai nuna maka gidana, sai ka ce Baba mai siriya. Siriya ita ce tsire, haka Larabawan Jidda suke kiranta. A nan aka haife ni, a nan aka haifi ubana. Kakana ne ya zo Hajji da ƙafa daga ƙasar Haɗeja, ya manta hanyar komawa. Karatuna na makarantar dare ne, aji uku, na ukun ma gyangyaɗi ya fi yawa a ciki, don haka wanda ya ga gyara a rubutun nan ya gyara a zuciyarsa.

Matata ɗaya ce, Hajiya Kulu. Tun aurenmu ita take daka min yajin siriya a turmin dutsen da ta gada wurin mahaifiyarta. Mutane suna yabon wutata, ni kuwa na san sirrin a turmin yake. Shekarar da na bar wa yara tukuba turmin ya tsage gida biyu. Suka sayo mata injin niƙa, ta gwada sau ɗaya ta ce yana ƙona citta, ta mayar da shi kwali. Daga nan ba ta sake daka ba, bayanta kuma ya fara ciwo.

Garba abokin wasanta ne, tun suna yara ake ce masa mijinta. Da na zo neman aure na tarar ya riga ni kai gaisuwa, amma Allah ya ba ni. Na ci wannan yaƙin, sai dai ban taɓa ajiye makami ba. Yana da kanti a Aziziyya, yana sayar da silifa da man zafi da zannuwan gado, duk daga Bankok yake ɗauko su. A wata tafiyar ya kawo wa Hajiya tsaraba ta hannun matarsa, wai don kada a ce: wani matashin jingina mai kusurwa uku, da 'yar katifa manne da shi wadda ake naɗewa. Ta jingina, baya ya lafa. Halas, wato shi ke nan, gidana ya lalace. In za ta zauna, Allah ya yi wa Garba albarka. In za ta tashi, Allah ya yi wa Garba albarka. In baƙi suka zo, kafin a kawo shayi an nuna musu matashin Garba.

Ku gane inda abin yake min ciwo. Hajiya mai tsohuwar tarbiyya ce, ba ta taɓa kiran sunana ba. Malam nake, ko shi, ko uban yaran nan. Ko ranar da ma'aikacin iƙama, wato izinin zama a ƙasa, ya tambaye ta sunan mijinta, takarda ta nuna masa da yatsa. A da ina alfahari da wannan. Amma ga sunan wani ƙato yana zuba a gidana kamar famfon da ya lalace, nawa kuwa ko ɗigo. Na gwada zama a kan matashin duk lokacin da ta shiga kicin ko zai lotse, ashe audugar rimi ce, ina tashi take komawa yadda take.

Sai na ƙudura a raina in je garin da aka samo shi, in samo abin da zai cire sunan Garba daga bakinta. Ga ƙasƙancin: ba ni da wanda zai kai ni sai Garban. Na ce masa canjin iska nake so. Ya dube ni ya ce to, ya yi min takardu.

Zangon farko otal ne a wata unguwa da Larabawa suke sauka. Na yi ta cika baki a jirgi cewa mutumin Jidda ba ya tsoron zafi. Na janye maganata. Namu zafin yana dukanka ne, nasu kuwa rungumarka yake yi ya ƙi saki. Muna shiga otal, yarinyar da ke karɓar baƙi ta haɗa tafukanta ta sunkuya, Haji Garba, Haji Garba. Mai ɗaukar kaya, Haji Garba. Har mai gadi. Sannan ta dube ni ta tambaye shi wani abu, ya kwashe da dariya. Wai cewa ta yi ko babansa ne ya kawo asibiti. Garba ya girme ni da shekara biyu, jama'a, rini kawai yake shafa wa gemunsa.

Ya saya min layin waya na ƙasar, na ce ba na so, ba ni da wanda zan kira. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da ya fi damuna a garin shi ne shirunsa, duk da ƙarar motoci. Tun da aka haife ni ladan ne yake tashina, ban taɓa sanin ana neman lokacin salla ba, lokacin ne yake zuwa ya same ka. A can kuwa sai wayar Garba ta yi kira daga aljihunsa. Ka ji fa, har sallata sai ta biyo ta aljihun Garba. Da safe na nemi tamis da ful, burodi da waken da muke karyawa da su a Jidda, aka kawo min shinkafa a ruwa kamar ta marar lafiya. Garba yana ɗauka da 'yan sanduna biyu yana min bayanin kowane ganye. Na zauna ina tunanin mai gasa tamis na bakin layinmu, wanda nake zagi kullum saboda yana ƙona gefe, na ji kamar in rubuta masa wasiƙar ban haƙuri.

Babbar kasuwar da na zo dominta Asabar da Lahadi kawai take ci. Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa da ke tafiya a sama da titi, a ciki Garba ya yi min huɗuba. Ya ce abu biyu: kada in sake shi, kuma in na ga abin da nake so in saya a take, don kasuwar nan ba ta nuna wa mutum fuska ɗaya sau biyu.

Na yi murmushi irin na manya. Ni za a koya wa kasuwa? Ni da na tashi a lungunan Balad, tsohuwar kasuwar Jidda? A Balad ciniki yana da ladabinsa. Ka taya, mai kaya ya ce yiftahallah, wato albarka. Ka ƙara kaɗan, ya rantse da 'ya'yansa. Sai ka juya baya, ka yi tafiya a hankali kana gyara gutura, mayafin kanmu na maza, a kafaɗa. Kafin ka kai kwana za ka ji, ta'al ya Hajj, dawo. Ban taɓa sayen ko allura ba sai da aka kira ni na dawo. Mutumin da ya biya ba tare da ya juya baya ba, a wurinmu ko baƙo ne ko maraya.

Kasuwar kuwa ba kasuwa ba ce, gari ne aka rufa wa kwano. Layuka ƙanana, in ka buɗe hannu ka taɓa rumfa biyu, kowane layi ya haifi 'ya'ya, 'ya'yan ma sun haihu. Nan tufafi, can itatuwa a tukwane, gaba kaɗan karnuka an sa musu riguna suna kwance gaban fanka, ni ɗan Adam ina gumi. Na ga ana soya fara da wasu 'yan'uwanta da ban san su ba. Na ga wasu ƙananan kifaye masu kyau kamar amare, kowanne shi kaɗai a kwalbarsa, an sa kwali tsakanin kwalba da kwalba. Garba ya ce maza ne, in suka ga juna sai su yi ta kumbura har su galabaita. Na ce masa mutanen ƙasar nan suna da hikima. Ya ce shi ma abin da ya gani ke nan.

Sai ya kai ni rumfar da ya sayi matashin. Ya Salam. Tsibi ne har rufi, kamar kankana a bayan mota, ja da kore da shuɗi. Ashe abin da ake shi wa mutum albarka a kansa safe da yamma, ko zaɓe bai yi ba, hannu kawai ya miƙa. Ya ce in saya mata babba, ja, mai katifa uku, za ta ji daɗi. Na yi lissafi a zuciyata: matashi na biyu ƙanen na farko ne, albarka kuwa wurin babba take tafiya. Na ce zan duba. Yana sunkuyawa zai yi magana da mai rumfa, na sulale.

Ban san inda na nufa ba, har kunnena ya kama wani sauti da na sani. Daka. Wata mata ce take kirɓa ɗanyar gwanda da barkono, amma sautin ya kai ni tsakar gidanmu, ina saurayi, Hajiya tana amarya. Na bi shi. Kusa da ita akwai rumfar kayan kicin, wani tsoho cikin singileti yana fifita da kwali, a gabansa turamen dutse jere, ƙanana da manya. Can ƙarshe na gan shi. Baƙi-baƙi mai ratsin kore, bakinsa da kauri, zurfinsa daidai gwiwar hannu. Kamar an ɗauko na surukata an ɗinke tsagar. Na sa hannu ciki, sanyi. Na ce a raina, Garba, ka zo garin nan sau nawa, ba ka taɓa ganin wannan ba, don kai bayanta kawai ka sani, ni na san hannunta.

Tsohon ya danna kuɗi a kalkuleta ya miƙo min. Na goge, na danna abin da ko ni na san rashin kunya ne. Ya yi dariya, ya rage kaɗan. Na ƙara kaɗan. Ya girgiza kai yana murmushi. To, an zo wurin. Na ajiye taɓaryar, na juya baya, na kama tafiya a hankali ina gyara gutura.

Shiru.

Na yi tari. Shiru. Na ce wataƙila a ƙasarsu sai an sha kwana ake kira. Na sha kwana, na laɓe bayan wasu siket da aka rataye, na ba shi lokacin nadama. Ina nan tsaye sai ga mai tura kurar ƙanƙara yana busa usur, jama'a suka matso, aka tura ni wani layi, daga can aka sake tura ni wani. Da na samu kaina na ce to, ya isa haka, bari in koma in yi masa afuwa. Na koma. Inda na bar turame, sabulu ake sayarwa an sassaƙa shi kamar furanni. Na sake zagayowa, fitilu. Na sake, karnukan nan masu riguna, ɗaya har ya ɗago kai kamar ya gane ni.

A nan wani saurayi mai tsabta ya tare ni da habibi, habibi, da 'yar Larabcinsa ta kasuwa. Na kwatanta masa daka da hannu, ya ce ya sani sarai, ai kawunsa ne. Ya fitar da ni ta wata ƙofa, ya sa ni a keke mai ƙafa uku, muka yi ta gudu har na fara kalmar shahada. Aka sauke ni a shagon tela. Kafin in yi magana mutum biyu sun zagaye ni da awo, ɗaya yana auna kafaɗa, ɗaya yana nuna min hoton Bature cikin kwat. Ni da ban taɓa sa wando mai bel ba. Na yi musu faɗa da Hausa, na maimaita da Larabci, suna ta sunkuyawa suna murmushi. Sai da na cika wa mai keken hannu sannan ya mayar da ni, ya ajiye ni a wata ƙofar da ban taɓa gani ba.

Sai ruwa ya sauko. Ba irin namu na Jidda ba da yake zuwa sau ɗaya a shekara a ba yara hutu. Wannan kamar an kifar da tanki. Jallabiyata ta manne a jiki, silifata ɗaya ta tsinke, kuma ga waya a aljihu ba layi, saboda wani mai hankali ya ce ba shi da wanda zai kira. Tun safe ban ci komai ba. Na jingina da wani ginshiƙi, na tuna yau Asabar, yanzu Hajiya tana nan ta jingina tana tsince shinkafa, tana shi wa wani albarka, ni kuma zan mutu a tsakanin rumfar huluna da rumfar kejin tsuntsaye.

Hancina ne ya cece ni. Ƙamshin nama a kan gawayi, ko a kabari zan gane shi. Na bi shi ina jan silifa har na iske wata mata mai lulluɓi, za ta yi sa'ar babbar 'yata, tana gasa kaza a tsinke, da alamar jinjirin wata a jikin kurarta. Na yi sallama. Ta amsa cikakkiya, har da wa barakatuhu. Wallahi tun da na sauka a ƙasar ban ji abin da ya yi min daɗi kamar wannan ba. Ta dube ni sama da ƙasa, ta jawo kujerar roba, ta zaunar da ni, ta ba ni ruwa da wata shinkafa mai danƙo a leda da tsinke uku. Na ciro kuɗi, ta ture hannuna. Naman ya gasu, ban da ƙarya, sai dai zaƙi suke sa masa maimakon yaji, Allah ya shirye su. Feshin ruwa ya kashe mata rabin wuta, na karɓi mafici na tattara garwashin gefe guda na tayar da ita, don kada in ci na banza. Muka yi ta hira, ita da yarenta ni da nawa. Na kwatanta mata turmin, girmansa, da tsoho mai singileti, da yadda na juya baya. Ta riƙe baki tana dariya.

Sai ta ce, Saudi? Na ce Jidda. Fuskarta ta washe. Ta ce, Haji Garba?

Tsinken da ke bakina ya koma gawayi. A duk faɗin kasuwar nan, rumfa ba ta ƙirguwa, mutum ɗaya da ta ji tausayina, ita ma ta Garba ce. Ashe wurinta yake cin abinci duk zuwa. Ta ciro waya.

Ya iso yana haki, jiƙe sharkaf. Ruwa ya wanke rinin gemunsa, baƙi ya gangaro ta wuya ya yi masa layi biyu a farar jallabiya. Wannan ne kaɗai abin farin cikin da na gani a ranar. Ya ce ya zagaye kasuwa har ƙafarsa ta kumbura, ya je ofishinsu ya sa an yi ta kiran sunana a lasifika. Na tuna kuwa na ji muryar mace tana ta maimaita wani abu daga sama, ban kula ba. Tun rasuwar mahaifiyata ba macen da ta kira ni Usmanu, ina zan san da ni ake?

Matar ta yi masa dogon bayani, na ga tana kwatanta daka, tana juya baya tana gyara gyale kamar yadda na yi. Sai da muka zauna a jirgi Garba ya juyo gare ni.

“Irin na Gwaggo ka gani?” in ji shi. Mahaifiyar Hajiya yake nufi.

“Garba,” na ce, “in hannunka ya taɓa turmin nan, ko da ɗan yatsa ne, a ƙasar nan zan bar shi.”

Ya yi dariya har ta koma tari, mutanen jirgi suna kallonmu. Da ya lafa ya goge ido ya ce, “Ya shekh, shekara arba'in. Ni na manta, ita ta manta, kai kaɗai ka rage kana gadin ƙofa.”

Na ce masa ai shi ya sa har yau ba a yi min sata ba.

Lahadi ita ce ranar ƙarshe, washegari jirginmu zai tashi. Na tashi da ciwon ƙafa da niyyar in nemo turmina ni kaɗai. Garba ya ce ba komai, shi ma silifa zai nema, in dai bi bayansa har in gane hanya. Yalla, muka shiga. Na lura bai kalli silifa ko ɗaya ba. Muka bi wani layi, ina duban hagu. Muka zagayo muka sake bin wani mai kama da shi, ina duban wata Baturiya da ta yi zane a hannu har kafaɗa, don ilimi. Muka sake zagayowa. A nan Garba ya tsaya cak, ya durƙusa wai zai ɗaure igiyar takalmi. Na tsaya jiransa, na waiga dama don kada in kalli ƙeyarsa, sai ga tsoho mai singileti yana fifita.

Ni na gan shi da idona. Ina so a rubuta wannan. Garba yana yawo a Aziziyya yana cewa shi ya bi da ni ta wurin da gangan, kuma wasu suna kafa hujja da cewa silifa ce a ƙafarsa, ba ta da igiya. Wannan tsakaninsa da ƙafarsa ne.

Turmin yana nan. Tsohon ya gane ni, ya yi murmushi, ya danna kalkuleta. Kuɗin farko ya danna, ragin jiya ya tafi da jiya. Ƙafata ta dama ta fara juyawa da kanta, don abin ya zama jini. Na taka ta da ta hagu. Na dubi Garba, ya ɗaga kai yana nazarin kwanon rufi kamar shi ya buga shi. Na ciro kuɗi na biya, ban taya ba, ban juya baya ba. Ranar nan Balad ta yi asarar ɗa. Tsohon ya naɗe taɓaryar a jarida, ya haɗa tafukansa ya sunkuya min. Ni ma na sunkuya, don na ga ya fi ni iya ciniki.

Sai ɗauka. Na rungume shi, bayana ya ce bai yarda ba. Garba ya kira mai kura, na ce a'a, don na ga hannunsa ya nufi aljihu. Na cire guturata na naɗa gammo, tsohon da wani maƙwabcinsa suka ɗora min. Kakana ya taka daga Haɗeja zuwa bakin teku da kaya a ka, ni daga nan zuwa tasha ne zai gagare ni? Ya kusa. Wuyana ya shige cikin kafaɗu, idona ya ga taurari da rana tsaka. Turawa suka jeru suna ɗaukata hoto, wata ma ta tafa min. Garba yana gaba yana buɗe hanya, ya harɗe hannuwansa a baya don in shaida. A matakalar tasha ƙafata ta gurɗe, na tafi baya, sai na ji an cafki rigata ta ƙeya. Na yi nazarin wannan mas'ala daga baya, na kuma ba da fatawa: ni ya riƙe, ba turmi ba.

A filin jirgi aka ɗora akwatina a ma'auni, ma'aikaciyar ta dubi allo ta dube ni. Garba ya ce akwai wuri a nasa, a sa taɓaryar. Na ce taɓarya rabin turmi ce. Na buɗe akwati a gaban jama'a na kwashe tufafina kaf, har da na ciki waɗanda ba a wanke ba, na ce ga abin da zai ɗauka in yana son lada. Ya ɗauka. A tafiyar nan duka, nan ne kaɗai na ji mun zauna daidai, kowa a matsayinsa.

Na iso gida wuya a karkace. Hajiya tana zaune a inda kuka sani. Na ajiye akwatin a gabanta na buɗe, na cire tawul ɗin otal da ya biyo ni bisa kuskure. Ta daɗe tana kallo. Ta sa hannu ciki ta shafa, ta zagaya bakin da yatsa, daidai inda na uwarta ya tsage. Ta ja gyale ta goge hanci. Na gyara tsayuwa ina jiran abin da na tsallaka teku dominsa.

“Oh ni Kulu,” ta ce. “Garba ya kawo min hutu, kai ka kawo min aiki.”

Na juya. Na je na kwanta, na shafa man zafi a wuya, shi ma na kantin Garba.

Washegari da hantsi sauti ya tashe ni. Ta aika an sayo ƙuli-ƙuli da citta da masoro da kanumfari, gida ya cika da ƙamshin da na manta ina kewarsa. Ba a daɗe ba Bamisiren da ke zaune a ƙasanmu ya hawo yana buga ƙofa, wai fitilarsa tana rawa, wai ko rushe gini muke yi. Hajiya ta ba shi haƙuri ta bayan labule. Ta duba nan, ta duba can, sai ta warware 'yar katifar matashin, ta ninka ta biyu, ta ce in ɗora mata turmin a kai.

Jama'a, na ɗora. Da hannuna biyu, da bismilla.

Tun daga ranar ban taɓa barin gidan nan ya rasa buƙatar yaji ba. Likita ya hana ni, amma ina da maƙwabta, ina da 'ya'ya, yaran tukuba ma sun dawo karɓa wurinta, har Bamisiren an ba shi kwalba ya yi shiru. Ina zama daga gefe da shayina ina sauraro. Kowace taɓarya ta sauka, na san a kan wa ta sauka. Audugar rimi tana da taurin kai, amma dutse ya fi ta, katifar ta zama kamar tamis. Gaskiya har yanzu tana jingina da kusurwar, kuma in bayan ya motsa takan shi wa Garba albarka. Sai dai wata rana ina alwala na ji tana waya da 'yarmu ta Makka, tana cewa mai turmi ya ce a gaishe ki. Na tsaya da ruwa a hannu har na manta ko na wanke fuska. Ba Usmanu ba ne, na sani, wannan sai a Lahira. Amma suna ne, nawa ne ni kaɗai, kuma ba a tara shi tsibi a rumfar kowa.

Ranar Juma'ar da ta wuce Garba ya zo cin abinci, gemu ya sha sabon rini. Ya ga matashinsa a ƙarƙashin turmi, ya dube ni. Na tura masa kwanon yaji. Ya dangwala nama, ya tauna, sannan ya ce wallahi irin na Gwaggo ne sak.

Daga kicin Hajiya ta ce, “To ka gode wa mai turmi.”

Ya gode. Na sa ya maimaita, don kunnena na hagu ba ya ji sosai.